Ranar Da Na Bar Tuwo Ya Huce

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu, wadda ta riga mu hutawa wurin Ubangiji.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, cikin sunan Yesu Almasihu. Da kina raye, da bayan gaisuwa sai in tambayi ƙafar nan taki mai ciwo, in tambayi gajiya, in tambayi mutanen gida. To, inda kike babu ciwon ƙafa, babu gajiya, mutanen gidan kuma duk sun fi mu lafiya. Don haka bari ni in ba ki labarin namu.

Ni ce Rahila, 'yarki mai gaggawa. Ina nan Zongo, a gidan da kika bar mu, bayan masallacin mahauta. Tandarki ta waina tana nan, ita nake ɗorawa kowace safiya a ƙofar gida. Na san idan na sa wannan wasiƙa a waya mutane za su karanta. Su karanta mana, ba abin ɓoyo a ciki, duk Zongo ta gani da idonta. Ni dai ke nake yi wa magana, don na rasa wanda zan yi wa.

Mama, surukinki Yohanna, Baban Luka, ya daina magana.

Ke kin san abin da wannan yake nufi. Mutumin da bakinsa ne gonarsa. Duk mako yana kasuwar dabbobi yana dillanci, ya shiga tsakanin mai saniya da mai saye, ya juya Hausa zuwa Mina, yaren 'yan ƙasa, ya juya Mina zuwa Faransanci, har "albarka" ta koma "na sallama". Ranar Lahadi kuma shi ne tafinta a majami'armu ta unguwar Totsi. Fasto ya faɗa da Faransanci, shi ya juya mana da Hausa, mu 'yan tsirarun nan da muke zama a bencin gefe. Ke da kanki kina cewa wani lokacin juyin nasa ya fi wa'azin daɗi. Da yamma kuwa tun daga bakin lungu ake jin muryarsa: "Rahiiila, a kawo ruwa, maƙogwaro ya bushe!" Ina ta mita, wai yana talla da sunana a unguwa.

Daminar bara ce. Yana tsakiyar ciniki, hannunsa cikin hannun mai saye, sai kawai ya sulale ƙasa. Likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya bi shi. Ƙafar ta ɗan dawo, da gashin ruwan zafi da motsa jiki a asibiti, har yana dogara sanda ya kai bencin ƙofar gida. Amma bakin, kalma ɗaya tak aka bar masa: "to". Yunwa, to. Ciwo, to. In na yi masa faɗa, to. Yana jin komai, yana gane komai, idonsa cike da magana, hanyar fita ce babu.

Gidan ya yi shiru, Mama. Zongo ai ba ta san shiru ba, ga babura, ga rediyo, ga masu talla. Shirun cikin ɗaki nake faɗa miki. In yi magana, in ba kaina amsa. Rannan na kama kaina ina ba tanda labarin tsadar shinkafa. Jikanki Luka yana Accra, aiki ya riƙe shi, sai dai waya. Matan zumuntar majami'a sun zo da farko, da zanensu iri ɗaya, suka cika tsakar gida da waƙa har maƙwabta suka leƙo. Daga baya suka koma zuwa bibbiyu, sannan ɗaya-ɗaya, sannan saƙon waya. Ban ga laifinsu ba. Totsi ba kusa ba ce, kowa kuma da nasa kayan a ka.

Maƙwabta ba su yar da mu ba, kar in yi musu butulci. Kunu yana shigowa, magani yana shigowa, kowa da wanda ya ji an ce yana yi. Amma kin san mu kaɗai ne Kirista a lungun nan. Ranar Lahadi ba ni da wanda zan bar wa shi, sai in zauna in buɗe littafin waƙoƙi in ja baiti ɗaya ni kaɗai, muryar ta ƙi tashi, in rufe. Idan aka kira salla na ga maza suna fitowa suna gaisawa, suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa, sai in tsaya ina bin su da kallo. Ba bangaskiyata ce ta girgiza ba. Taron nake sha'awa, in ji mutum kusa da ni yana cewa amin.

Addu'a kam na yi ta, amma irin tawa. Na ce wa Ubangiji kafin Kirsimeti nake so mijina ya yi magana. Kirsimeti ta zo ta wuce. Na ƙara masa lokaci zuwa sabuwar shekara, sannan zuwa Ista, kamar wadda ta kai ɗinki wurin tela tana zuwa tana leƙawa. Na yi azumi har jiri ya kusa kayar da ni cikin wutar tanda. Kowace safiya sai in tsaya a kansa in ce, "Baban Luka, ce Rahila. Rahila kawai." Ya dube ni, ya ce to. In zagaya bayan ɗaki in share hawaye, in dawo in ba shi koko.

Ana cikin haka Luka ya turo mini bidiyon wani mai wa'azi da ya kafa rumfa a unguwar Agoè, wai guragu suna tashi, bebaye suna magana nan take. Wannan "nan take" ita ta kama ni. Ban yi shawara da fasto ba, don na san abin da zai ce. Na sa wa Baban Luka farar rigarsa ta tafinta, na ɗauko tasi. A hanya yana ta girgiza kai, na yi kamar ban gani ba.

Wayyo Mama. Ga rana, ga cunkoso, ga lasifika kamar za ta fasa kunne. Da aka zo kanmu, mutumin ya dafa masa kai ya yi ta ihu, sannan ya kanga masa makirufo a baki, ya ce ya yi magana, yanzu-yanzu. Jama'a suka zuba ido. Mijina, wanda ya yi shekaru yana riƙe makirufo a gaban jama'ar Allah, ya buɗe baki, leɓe yana rawa, miyau ya zubo kan farar riga. Lasifika ta ɗauki "to" ɗinsa ta watsa wa duniya. Wasu suka yi dariya. Mutumin ya ce a gusa da shi, bangaskiyar gidan ce ba ta kai ba, ya wuce kan na gaba.

Da muka dawo sai ya juya fuska ga bango. Ya yi kwanaki yana ƙin abinci, ko "to" ɗin ma ya hana ni. A kwanakin nan ne na fi kewarki, har na riƙa jin haushinki don kin tafi kin bar ni da wannan kaya.

Sai maganganunki suka riƙa dawo mini. Kin tuna tafiyarmu sujada ina yarinya? Mu fito da wuri, amma kafin mu kai bakin titi sai kin tsaya a kowace ƙofa. Ki gaida mai koko, ki gaida malam a zaurensa, ki tambayi jaririn wance, kuma ba kya motsawa sai an ba ki amsa cikakkiya. Ni ina gaba ina buga ƙafa, ina cewa za a fara ba mu. Ke kuwa sai ki ce, "Rahila, wanda za mu wurinsa ai yana tare da mu a hanyar."

Kin tuna kuma shekarun da na yi da aure ban haihu ba? Babu inda ban so zuwa ba, babu abin da ban so sha ba. Wata rana na zo miki da kuka, na ce na gaji da roƙo, Allah ba ya jina. Kina juya waina, ko ɗago kai ba ki yi ba, kika ce, "Ubangiji ba ɗan zem ba ne, da za ki ɗaga masa hannu ya taka birki." Na yi fushi, na ce ina kuka kina kwatanta mini Allah da mai babur. Da Luka ya zo, kin ɗauke shi kin yi ta rawa da ƙafarki mai ciwo, ba ki taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba.

Na tuna duk wannan, amma tunawa daban, iyawa daban.

Da ƙyar Alhaji Mamman mahauci, amininsa tun suna samari, ya lallashe shi ya koma zama a bencin ƙofar gida. To, kin san gaisuwarmu ba ta jiran kowa. Ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya iyali, ana jefowa ana cafewa. Ni kuwa tun daga Agoè na ƙudura a raina babu wanda zai sake ganin bakin mijina yana rawa. Duk wanda ya tsaya ya gaishe shi, kafin ya rufe baki na amsa daga gindin tanda: lafiya lau, da sauƙi, mun gode. A ganina asirinsa nake rufawa.

Wata rana da hantsi Alhaji Mamman ya dawo daga mahauta, ya zauna kusa da shi, ya ce, "Yohanna, ina kwana?" Na ce lafiya lau Alhaji, ya kwana da sauƙi. Alhaji ya juyo a hankali ya ce, "Maman Luka, ke na gaishe ki tun ɗazu. Wannan tasa ce."

Kai, Mama, na ji zafi! Ni da nake wanke shi, nake juya shi, nake ba shi abinci a baki, ni za a ce wa in yi shiru a ƙofar gidana? Na juya waina da ƙarfi har mai ya fallatsa mini a hannu. Na yi shirun, amma don fushi na yi, ba don hankali ba.

Alhaji ya sake gaisuwar, sannan ya ciro carbinsa, ya mai da ido kan titi. Bai kalli bakin ba ko sau ɗaya. Ya zauna kamar wanda ba shi da wurin zuwa, alhali na san nama yana jiransa a tebur. Na soya tanda guda na kwashe, na zuba wata. Mai saye ta zo ta tafi. Amsar tana kan harshena tana yi mini ƙaiƙayi. Can sai na ji wata murya a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"La... fiya."

Alhaji ya ce madalla, kamar kullum haka ake yi, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa na tsaya da tsinken juyi a hannu har wainar ta ƙone ƙurmus.

Zan faɗa miki gaskiya, don ke ba a ɓoye miki. Na yi murna, na shiga ɗaki na durƙusa na gode wa Allah. Amma na yi kishi. Haba, Mama! Watanni ina roƙon kalma ɗaya, da ta tashi zuwa sai ta je wa mahauci. Na yini ina murna ina kumbura, ban san wanne zan ji da shi ba.

Da zuciyata ta kwanta sai na gane abin da ya faru. Maganar tana nan, ba ta mutu ba. Tahowa take yi a hankali, tana dogara sanda kamar mai ita, ni ce kullum nake riga ta isa ƙofa in rufe. Haka kuma nake yi wa Ubangiji. In tambaye shi, kafin ya ce komai na ba kaina amsa, na sa masa rana, na ɗauko tasi.

Yanzu bari in kawo ki kan abin da ya sa na zauna rubuta miki.

Kin san dokar gidanmu, ke kika kafa ta: ba a sa hannu a kwano sai maigida ya sa albarka. Baba yakan ja addu'a har mu yara mu buɗe ido ɗaya muna leƙen nama. Baban Luka ya gaji wannan, har ya ƙara da nasa. Shi ba ya cewa "ka albarkaci iyalina" a dunƙule. Sai ya gode, sannan ya kira kowa da sunansa a gaban Allah, Luka da farko ko yana nan ko ba ya nan, ni kuma a ƙarshe. Tun da ya faɗi ni na karɓi addu'ar. In rattaba ta da sauri, in ce amin ni kaɗai, in fara ba shi loma.

Lahadin da ta wuce na tuƙa tuwon masara da miyar kuɓewa, wadda yake so, da ɗan naman da Alhaji ya aiko. Na shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, na zaunar da shi ya jingina da bango, na ajiye kwano a tsakaninmu. Na wanke masa hannun hagu. Sannan na haɗa hannuwana, na sunkuyar da kai, na ce, "Baban Luka, sa mana albarka." Na rufe bakina.

Na ji ya ce to. Na san wannan "to" ɗin, ma'anarta ki yi mana kamar kullum. Ban ɗago ba.

Mama, ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan zaman ba. Tururin tuwo yana bugun fuskata, ya yi ta raguwa har ya daina. Aka kira azahar a masallacin mahauta. Ina jin takalman maza suna wucewa ta bayan katanga, ina jin an tayar da salla, ina jin an sallame, takalman suka dawo. Ƙuda ya sauka a bakin kwano, ban kore shi ba, don kar motsina ya katse wani abu. Ina jin numfashinsa yana hawa yana sauka, yana kokawa. Zuciyata tana ce mini kin sake kai shi Agoè, ki tausaya wa bawan Allah ki yi addu'ar nan. Na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jini.

"U... ba."

Ban motsa ba. Inuwa ta janye daga ƙafata, rana ta hau.

"Mun... go... de."

Hawaye yana ɗiga a hannuna, ban share ba. Na san abin da ke biye, na san shi kamar tafin hannuna. Aka daɗe. Sunan Luka ya fito a karkace, amma ya fito. Sai ya ja dogon numfashi, na ji tabarma tana motsi a ƙarƙashinsa, duk jikinsa ya taru wuri guda.

"Ra..."

Ya tsaya. Ya sake ɗaukowa. "Ra..." Ya sake tsayawa.

Sauran sunan yana bakina, Mama. Sunana ne, ke kika raɗa mini, ba wanda ya fi ni iya faɗarsa. Da na buɗe baki kaɗan da na ƙarasa masa, mu ce amin, a wuce wurin. Na haɗiye shi. Na jira, na jira, har na ji ya saki numfashi irin na wanda ya sauke kaya, na gane na yau ya ƙare. Na ɗago kai. Gumi ya jiƙa masa riga, yana kallona kamar mai ba da haƙuri.

Na ce amin. Ya ce to.

Tuwon ya yi sanyi ƙalau, ya yi ɓawo a sama, miyar ta daskare. Da ke ce da kin ce a mai da shi wuta. Ban mai da ba, haka muka ci shi, kuma ranar da hannunsa na hagu ya ci, ban ba shi a baki ba. Rabi a baki, rabi a tabarma, na bar shi.

Da yamma Luka ya kira, wai mai wa'azin nan zai sake kafa rumfa, ko za mu ƙara gwadawa. Na ce masa a'a, babanka yana kan hanya, kar a tare shi. Bai gane ba, ni ma ban iya yi masa bayani ba.

Kar ki ɗauka komai ya gyaru. Tun ranar bai wuce "Ra" ba. Wata rana ma ko ita ba ta zuwa, sai "to" daga safe har yamma. Likita bai yi mini alkawarin komai ba. Har yanzu ni kaɗai nake jan waƙa ranar Lahadi, har yanzu idan yamma ta yi kunnena yana bakin lungu yana jiran a ce a kawo ruwa. Kaɗaicin yana nan, bai je ko'ina ba. Kuma har yanzu ni ce Rahilarki, jiya ma sai da na amsa masa gaisuwar mai gawayi kafin in tuna. Abin da ya canja shi ne na daina sa wa Ubangiji rana. Ko sauran sunan zai zo wannan Kirsimeti, ko wata, ko sai mun iso inda kike, ban sani ba. Faɗin "ban sani ba" ɗin nan yana yi mini ciwo, amma ina faɗa.

Ya Uba, kai da ka ba mahaifiyata haƙurin tsayawa a kowace ƙofa, ka ɗiba mini kaɗan daga ciki. Ka riƙe bakina idan ya so riga ka. Ka ƙarfafa bawanka Yohanna, ka kiyaye Luka a baƙuwar ƙasa, ka saka wa Alhaji Mamman da alheri. Sauran sunana yana hannunka, ka ba shi ranar da ka ga dama. Cikin sunan Yesu, amin.

Ki huta lafiya, Mama. Ki gaida Baba, ki ce masa yanzu na daina buɗe ido ɗaya.

Ni ce 'yarki,
Rahila, ko da yake a gidan nan yanzu Ra ake kirana, kuma ina amsawa.